Yadda za a kula da jaririn da bai yi numfashi ba bayan haihuwa

Ƙwaƙwalwar jariri ba ta jure rashin iskar oksijin na tsawon lokaci. Abubuwan da suka fi jawo wannan matsala su ne doguwar naƙuda, da rabuwar mabiyiya daga jikin mahaifa kafin haihuwa, da cibiya ta riga jariri fitowa, da hawan jinin mai ciki.

Da zarar jariri ya faɗo, a tsane jikinsa da busasshen tawul, a shafa bayansa da ɗan ƙarfi, a duba ko ƙirjinsa yana ɗagawa. Idan bai yi kuka ko numfashi ba, ungozoma ta kwantar da shi rigingine, ta ɗan ɗaga haɓarsa, ta fara hura masa iska da jakar numfashi (jakar roba da ake matsawa da hannu don tura iska ta hanci da bakin jariri) sau 40 zuwa 60 a minti ɗaya, kuma ya kamata a fara hakan kafin minti na farko ya cika. Riƙe shi ta ƙafa kansa a ƙasa ko marinsa ɓata lokaci ne kawai.

Dawowar numfashi ba ta nufin an tsira, domin lalacewar ƙwaƙwalwa takan ci gaba bayan wasu awoyi. A lura da jaririn da jikinsa ya saki, ko ya kasa kama nono, ko yake barcin da ba a iya tashinsa. Jijjigar jarirai tana da wuyar ganewa: wani lokaci tsotsar leɓe ce babu dalili, ko kafewar ido, ko motsa ƙafafu kamar mai tuƙa keke. Duk wanda ya ga haka ya garzaya da shi asibitin da ke da sashen jarirai, ya kuma faɗi ainihin lokacin da aka haife shi.

Wannan lokacin yana da muhimmanci, domin a asibitoci masu cikakken kayan aiki ana sanyaya jikin jaririn da ya kai makonni 36 a ciki kafin a haife shi zuwa digiri 33.5 a ma'aunin Celsius na tsawon awa 72 don rage lalacewar ƙwaƙwalwa, amma dole a fara cikin awa 6 na farko. Wannan aikin ƙwararru ne da na'ura, kada a gwada shi a gida da ruwan sanyi ko ƙanƙara, domin yana iya kashe jariri.

Bayan sallama, a riƙa kai shi ana duba jinsa da ganinsa da yadda yake riƙe wuya da zama, saboda shanyewar gaɓoɓi da farfaɗiya sukan bayyana daga baya, kuma gashin ƙashi ya fi amfani idan an fara shi da wuri.