Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Warware Maganin Kashe Tsoka Bayan Tiyatar Haihuwa ta Gaggawa

An ciro jariri, an yi ɗinkin ƙarshe, hankalin kowa ya kwanta. To a daidai nan ne aikin mai sa barci ya fi tsanani. Tiyatar haihuwa ba ta cika ɗaukar lokaci ba, amma rokuroniyam, maganin kashe tsoka mai ɗaure jiki ya hana shi motsi, da aka bayar don saka bututun numfashi cikin sauri, wato milligiram 1.0 zuwa 1.2 kan kowane kilo, yana iya wuce awa guda bai saki jiki ba. Sai a gama aiki magani na nan da ƙarfinsa.

Babban kuskure shi ne yarda da ido. Za ka ji ana cewa, "Ɗaga kanki, matse hannuna," mace ta ɗaga kai na daƙiƙa 5, a ce shi ke nan. Alhali tana iya yin haka tsokar maƙogwaronta ba ta dawo ba, ita kuwa mai jego ana ɗaukar cikinta a cike yake, ko amai kaɗan ya taso zai iya zarcewa huhu. Gyaran shi ne awo da na'urar motsa jijiya a wuyan hannu, a duba babban yatsa. Na'urar na bugawa sau huɗu, kuma sai motsi na huɗu ya kai kashi 90 cikin ɗari na na farko kafin a cire bututu. Kada a auna a fuska. Tsokar gefen ido tana farfaɗowa da wuri, ta yaudari mutum.

Kuskure na gaba shi ne gaggawar ba da niyostigmin, maganin da ke warware maganin kashe tsoka. Maganin nan yana da iyakar da ba ya wucewa. Idan yatsa bai motsa ba, ko ya motsa sau ɗaya kacal, ƙara allura ba ya ƙara komai sai yawu da jinkirin bugun zuciya. A jira motsi huɗun su bayyana, a ba da kamar milligiram 0.05 kan kilo, kada jimilla ta haura milligiram 5, tare da atirofin ko gilikofairolet, masu hana yawun da jinkirin bugun zuciyar. Sannan a ba shi minti 10 ya yi aiki. Wannan jiran ne aka fi yi wa rowa.

Sugamadeks, wani maganin warwarewa, ya sauƙaƙa lamarin, amma shi ma ana yi masa kuskure. A cikin magungunan kashe tsoka, rokuroniyam da bekuroniyam yake kamawa. Ba ruwansa da atirakuriyam ko suksametoniyam. Adadinsa kuma zurfin maganin kashe tsokar yake bi: milligiram 2 kan kilo idan motsi na biyu ya dawo, 4 idan har yanzu da zurfi, 16 idan ana son warwarewa nan take bayan babbar allurar rokuroniyam. Masu rage shi saboda tsada su sani rauni kan iya dawowa bayan an fita ɗakin tiyata. A sa ido kan bugun zuciya, domin yana iya faɗuwa cikin 'yan mintuna.

Abin da ni a ganina ya fi haɗari shi ne manta maganiziyam. Mai jijjiga ko hawan jinin ciki sau da yawa tana shigowa da ƙarin ruwan maganiziyam a hannu, shi kuwa ƙara wa maganin kashe tsoka ƙarfi da tsawo yake yi. Jentamaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da sanyin jiki ma haka. A rage allurar maganin kashe tsoka tun farko, a auna, kuma idan an ci gaba da maganiziyam bayan cire bututu a riƙa duba numfashinta. In maganiziyam ya yi yawa a jini, kalshiyam gulukonet giram 1 ne maganinsa. Maƙogwaron irin waɗannan mata kan kumbura, mayar da bututu ba wasa ba ne.

Suksametoniyam ba a warware shi da niyostigmin, tsawaita shi ma yake yi. Idan mace ta daɗe ba ta motsa ba, a bar ta kan na'urar numfashi da maganin barci har suksametoniyam ɗin ya sake ta.

Kada kuma a kashe iskar barci alhali jiki na ɗaure, ta farka tana ji ba ta iya motsi. Sai awo ya cika, ta buɗe ido, tana bin umarni, an tsotse abin da ke bakinta, sannan a zare bututu kai a ɗage.