Darasi na 9: Yadda Ake Gane Suda

Yawanci kunne ne ke fara gane suda kafin ido. Da sassafe, musamman da damina, za ku ji fito mai zaƙi daga cikin sabara ko geza a bakin gona, yana farawa sama yana gangarowa, kamar mutum ne ke yi da baki. Ba banza ba ake ce wa mai yawan surutu suda.

In kun ji ta, kada ku ɗaga kai kuna duban ƙololuwar itace. A ƙasa take kiwo. Tana tsalle-tsalle a gindin ƙaya, tana kutsawa cikin ciyawa tana kama fara da ƙwaro da tsutsa. Tana da kunya, motsi kaɗan sai ta shige duhuwa, don haka ku tsaya cik ku ba ta lokaci.

Da ta fito fili, kanta za ku fara duba, don a nan shaidar take. Tsakar kan baƙi ne wuluk. A ƙasansa akwai farin layi mai faɗi a bisa ido, sai kuma wani baƙin layi da ya ratsa ta cikin idon. Baƙi, fari, baƙi. Wanda ya riƙe wannan ba zai rikita ta da gado ko buwa ba. Bakinta baƙi ne mai ƙarfi, da ɗan lanƙwasa a tsini. Fukafukanta ja-ja ne, cikinta toka-toka. Tsawonta santimita 19 zuwa 22, kuma wutsiya ta ci kaso mai yawa. In ta tashi takan baza wutsiyar, sai ku ga baƙa ce mai fari a ƙarshenta.

Mace da namiji kamarsu ɗaya. Wadda kuka gani da kai ruwan ƙasa, 'yar tsako ce ba ta gama girma ba.

Sheƙarta tana cikin ƙaramin itace, da ƙwai 2 ko 3. Don Allah ku kwaɓi yara masu danko, domin farar da take ci ita ce mai cin amfaninku.

Aiki: gobe da safe ku je bakin gona ku saurara. Ku rubuta jimla uku a kan inda kuka ji ta da abin da kuka gani a kanta, ku kawo wa malami.