Darasi na Tara: Al'ada, Ƙiba da Tiyatar Rage Tumbi

Kowace ta fito da littafinta da alƙalami. Darasin yau ya haɗa karatu da lissafi da lafiyar jiki. Kalmomi huɗu za su yi ta dawowa: homon, insulin, tumbi, tiyata. Ki rubuta kowace sau uku kafin mu ci gaba.

Karatu na farko

Wata mata ce, auta a gidansu, shekararta 29, shekara shida da aure. Al'adarta takan ɗauke wata uku, wani lokaci huɗu. Duk sa'ad da ta ɗauke sai gida ya kama murna, a je awo a ce babu ciki. Gashi ya fara fito mata a haɓa, tana tsige shi a ɓoye. Bayan wuyanta ya yi baƙi, ta dirje shi da soso har ya yi zafi, bai fita ba. Jikinta kuwa sai ƙaruwa yake. Wasu suka ce hutu ne, wasu suka ce aljani ne ya aure ta. Dangin miji sun fara habaici.

Wata rana yayarta ta zo, ta dube ta da kyau.

"Auta, yaushe rabonki da jini?"

"Wallahi Yaya na manta. Ina jin tun kafin babbar salla."

"To ki ɗauko mayafinki, asibiti za mu. Addu'a kuma ba za mu fasa ba."

Likitar mata ta yi tambayoyi, aka ɗebi jini, aka yi sikanin. Ta ce sunan lalurar PCOS.

Mene ne PCOS?

Mace tana da gidan ƙwai biyu, ɗaya a kowane gefen mahaifa. Kowane wata ƙwai ɗaya yakan nuna ya fito. Masu ba da umarnin wannan aiki su ne homon, wato sinadaran da jiki ke aikawa ta cikin jini kamar 'yan aike. A jikin mai PCOS saƙon yakan rikice. Ƙwayaye da yawa su fara girma, su tsaya a hanya, babu wanda ya nuna. A hoton sikanin sukan jeru kamar carbi. Idan ƙwai bai fito ba al'ada sai ta yi jinkiri, ciki kuma ya yi wuyar samuwa.

Kowace mace tana da ɗan homon irin na maza. A wannan lalura yakan yi yawa, shi ke kawo gashin haɓa da ƙuraje, da zubar gashin tsakiyar kai.

Sai insulin. Shi ne mabuɗin da ke shigar da sugan abinci daga jini zuwa tsoka. Jikin masu PCOS da yawa ba ya jin maganar insulin da wuri, sai jiki ya ninka shi. Yawansa yana sa a tara kitse, yana kuma zuga gidan ƙwai ya ƙara homon ɗin maza. Baƙin bayan wuyan nan alamarsa ce, ba dauɗa ba ce, soso ba zai fitar da shi ba.

Likitoci biyu a birnin Shikago na Amurka, Stein da Leventhal, su suka bayyana lalurar a 1935. Tun 2003 likitoci na bin ƙa'idar da aka tsayar a Rotadam ta ƙasar Holan: a sami biyu cikin alamu uku, wato rikicewar al'ada, yawan homon ɗin maza, da jerin ƙwayayen nan a sikanin, bayan an tabbatar ba wata cuta ce ke kwaikwayonta ba. Kusan mace ɗaya cikin goma da ke shekarun haihuwa tana da ita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ita ba su sani ba. A ajin mata talatin, ke nan, da wuya a rasa biyu ko uku. Siririya ma tana iya samunta.

Abin da ya fi damuna shi ne gorin da ake yi wa matan nan. Ana kiransu juya, alhali da yawansu suna haihuwa idan sun sami kulawa. Akwai magungunan da ke taimaka wa ƙwai ya fito, irin su letrozole da clomiphene, akwai metformin don matsalar insulin. Likita ne kaɗai zai rubuta su. Kuma ko ba a neman haihuwa, al'adar da ta wuce kwana 90 ba ta zo ba abin kai wa likita ce, domin bangon mahaifa yakan yi kauri, kaurin nan kuwa idan ya daɗe yana iya zama ciwon daji.

Lissafi

Likita yana auna ƙiba ne da nauyi da tsawo a haɗe. Ana kiran awon BMI. Ki ninka tsawonki da kansa, sannan ki raba nauyinki da amsar.

Auta tana da kilo 96, tsawonta mita 1.6.
1.6 × 1.6 = 2.56
96 ÷ 2.56 = 37.5

Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 daidai ne. Daga 25 nauyi ya fara yawa. Daga 30 ƙiba ce da likita ke lissafawa a cikin cututtuka.

Ga wani lissafin mai daɗin ji. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi yakan isa ya daidaita al'adar mata da yawa. A wajen Auta, kilo 5 zuwa 10 ke nan. Ba a ce sai ta koma kamar budurwa ba.

Yanzu ke ki yi: mace mai kilo 81, tsawo mita 1.5, nawa ne awonta?

Karatu na biyu

Yayar nan ita ma ta sha fama da ƙiba da ciwon suga. Shekara uku da suka wuce aka yi mata tiyatar rage tumbi a ƙasar waje. A hanyarsu ta komawa gida Auta ta ce:

"Yaya, ni ma a yanke min tumbin nan in huta."

"Wa ya ce miki hutu ne? Zauna in ba ki labari. Sati biyun farko ruwa-ruwa kawai na sha, da cokali. Daga nan sai abin da aka dame ya yi laushi. Ranar da na fara cin ƙwai, rabi na ci na ji kamar na haɗiye dutse. Wata na huɗu gashina ya riƙa zuba a kan matashi, na yi kuka. Sau ɗaya na sha lemon kwalba a gidan biki, gumi ya karyo min, zuciyata na bugawa, jiri ya ɗebe ni, sai bayan gida. Ban sake ba."

"To kin yi nadama?"

"Ban yi ba. Sugana ya sauka, gwiwoyina sun daina ciwo, ina sujada ba tare da haki ba. Amma kin ga kwalaben bitamin da maganin ƙarin jinin nan da ke jakata? Har ƙarshen rayuwata ne. Bara na yi sakaci da su wata biyar, sai da jinina ya yi ƙasa."

Abin da ake yi a tiyatar

Iri biyu suka fi yawa, kuma galibi ta ƙananan huji a ciki ake yin su, da kyamara. A na farko ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar, a bar siriri kamar ayaba. Ɓangaren da aka cire shi ne ke samar da yawancin homon ɗin yunwa, shi ya sa sha'awar abinci ke raguwa. Abin da aka yanke ba ya dawowa. A na biyu ana ware ɗan aljihu kamar girman ƙwai a saman tumbi, a jona shi da hanji can ƙasa, abinci ya tsallake wani yanki. Wannan ya fi ƙarfi a kan ciwon suga, ya kuma fi jawo ƙarancin sinadaran abinci irin su bitamin.

Ba kowa ake yi wa ba. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi tun 1991 ita ce awo 40, ko 35 idan akwai wata cuta kamar suga ko hawan jini. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da ita zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon suga. Yawancin waɗanda aka yi wa sukan sauke kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na nauyinsu a shekara ɗaya ko biyu. Wani bincike da aka yi a Ingila kan mata 80 masu PCOS da ƙiba, wanda ya fito a 2024, ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata sun fi masu shan magani fitar da ƙwai, fiye da ninki biyu.

Wannan albishir ne, amma yana da sharaɗi. Ana so mace ta jira wata 12 zuwa 18 kafin ta ɗauki ciki, domin jikin da ke ramewa da sauri ba zai ciyar da ɗan tayi yadda ya kamata ba. Matar da ta shekara shida tana jira za ta ji wannan da nauyi, don haka a zauna da maigida tun kafin tiyata a yi maganar tazara. Bayan tiyata iri na biyu, ƙwayar tazarar haihuwa ta haɗiya ba abin dogaro ba ce, a tambayi likita wata hanya. Haka magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da muke saye a kemis ba tunani, suna iya huda sabon tumbi da gyambo.

Tiyata ce babba. Ɗinki na iya yoyo, jini na iya daskarewa a jijiya, tsakuwa na iya taruwa a matsarmama, ƙwannafi na iya tsananta. Mutanenmu kan tafi Misra ko Indiya ko Turkiyya a yi musu, su dawo bayan 'yan kwanaki. Tambayar da nake so kowace ta rubuta da manyan baƙi ita ce: idan na dawo gida, wa zai riƙa duba ni? Idan babu likitan da zai riƙa auna jininki a kai a kai, idan babu kuɗin bitamin B12 da maganin ƙarin jini da kalsiyam da bitamin D na kowane wata, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Azumi ma sai da izinin likita, musamman a shekarar farko.

Kwanon abinci

Da wadda aka yi wa tiyata da wadda ba a yi wa ba, a nan suke haɗuwa. Tumbi yakan ɗan buɗe da shekaru, kuma shayi mai suga da cincin da lemo suna wucewa ta ƙaramin tumbi ba tare da sallama ba. Ta haka wasu ke mayar da nauyin da suka sauke.

Ba sai an sayi abincin kanti ba. Ki raba kwanonki: rabi ganye, kamar zogale, rama, yakuwa, alayyafo, kabeji; kwata ɗaya mai gina jiki, kamar wake, ƙwai, kifi, awara, alala, nama; kwatan da ya rage tuwo ko shinkafa. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki. Gero da dawa da acca waɗanda ba a surfe su fes ba sun fi farar shinkafa da burodi da taliya riƙe ciki. Man da ke iyo a kan miya a rage shi. Fura da nono abinci ne mai kyau, sugan da ake zuba mata ne matsala.

Kwalbar lemo mai santilita 50 tana iya ɗauke da suga kusan giram 50, wato ƙaramin cokali 12. Adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce ke nan a yini guda, kuma ta ce rabinsa ya fi. Ki juya kwalba ki karanta abin da aka rubuta a jikinta, yanzu kin iya.

Wadda aka yi wa tiyata tana da ƙarin ƙa'ida. Ta fara da mai gina jiki kafin tuwo, domin tana bukatar aƙalla giram 60 a rana, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal. Ta tauna sosai. Kada ta haɗa ci da sha, ta bar rabin awa tsakaninsu.

Motsa jiki minti 30, kwana biyar a mako. Wadda ba ta fita ta zagaya tsakar gida da sauri bayan asuba, ko ta yi da kishiya ko maƙwabciya don kada ta gaji ta bari.

Ina roƙonku ku nisanci abu biyu: ƙwayoyin "sha ka fashe" da 'yan mata ke sha don su yi jiki, da shayin rage ƙiba da ake tallatawa a waya. Na farko yakan ƙunshi maganin da ke kumbura fuska, ya ɗaga suga, ya hargitsa al'ada. Na biyu yawanci zawo yake sa wa, ruwan jiki ya fita, kitse na nan.

Aikin gida

Auta ba ta yi tiyata ba. Likita ta ba ta magani, ta ce ta dawo bayan wata uku da littafi a hannu. Irin littafin za mu fara yau.

Ki ja layi biyu a shafi, ya zama gida uku. A na farko ki rubuta kwanan wata. A na biyu ki sa alamar × duk ranar da kika ga jini. A na uku ki rubuta abin da kika ci da abin da kika sha, har ɗan ɗanɗanon bakin murhu. Idan tsakanin farkon al'ada da farkon ta gaba ya gaza kwana 21 ko ya wuce 35, ki ja layi a ƙarƙashinsa. Gidan al'ada sirrinki ne, ke da likita. Na abinci kuwa ki kwafe shi a wani shafi ki zo da shi ranar Asabar, tare da amsar lissafin mace mai kilo 81.