Ƙaramin gilashin kyamara mai faɗin gani: kurakuran da ke sa mai shi nadama

Akwai wani nau'in gilashin kyamara da mutane kan saya da ɗoki, kafin a jima kuma su jefa shi a durowa. Ɗan ƙarami ne, ba nauyi, yana kwaso fili da yawa, amma ƙofar haskensa ba ta buɗewa sosai. Irin su 28mm f/2.8, ko 21mm f/4, ko 28mm f/5.6 ɗin nan na Leica mai suna Summaron, wanda ya fara fitowa a 1955 aka kuma sake fito da shi a 2016. Lambar mm tana nuna faɗin gani, ƙaramar lamba ta fi faɗi; lambar f kuma tana nuna buɗewar ƙofar haske, ƙaramar lamba ta fi buɗewa. A ganina gilashin ya ci kuɗinsa ga mutane da yawa. Galibin masu kuka da shi, in ka bi diddigi, ko dai sun saye shi ba su yi lissafi ba, ko kuma aikin da ba nasa ba suka ɗora masa.

Lissafin haske

Nan ne aka fi faɗawa rami. Mutum ya dubi f/1.4 ya dubi f/2.8, sai ya ce ai tazarar ninki biyu ce kawai. Ba haka ba ne, ninki huɗu ce. Lambobin suna tafiya ne taki-taki: 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, kuma duk taki ɗaya hasken da ke shiga yana raguwa da rabi. Ke nan f/4 na shigar da kashi ɗaya cikin takwas na hasken f/1.4, f/5.6 kuwa kashi ɗaya cikin goma sha shida.

A ce kana cikin ɗaki da daddare, gilashi mai f/1.4 ya ba ka hoto mai kyau a ISO 800 (ISO shi ne ma'aunin ƙarfin da kyamara ke ƙara wa hasken da ta samu) da saurin ƙiftawa 1/125 na sakan. Mai f/2.8 sai ya nemi ISO 3200. Mai f/4 ya nemi 6400, mai f/5.6 kuma 12800, inda tsaki-tsaki ke fara cin launin hoto. Kyamarorin zamani suna jure 3200 da 6400 ba laifi, shi ya sa f/2.8 bai cika zama matsala ba. Amma f/5.6 a ɗaki mai ƙwan fitila ɗaya, wahala ce zalla.

Maganin bai buƙatar ko sisi. Kowane hoton da ka ɗauka yana ɗauke da bayanan yadda aka ɗauke shi. Buɗe waɗanda ka fi so na shekarar da ta wuce, ka duba lambar f da ISO ɗinsu. In akasarinsu da rana ne, a f/5.6 ko f/8, to babu abin da ƙaramin gilashi zai rage maka. In kuwa aikinka taron dare ne, ko ɗaukar taurari, nemi mai babbar ƙofa ka haƙura da nauyinsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wasu kuma sukan ce ai kyamarata tana da na'urar hana rawar hannu, za ta cike giɓin. Tana cikewa, amma rabi. Rawar hannunka take tarewa, ba motsin wanda kake ɗauka ba. Da gilashin 28mm za ka iya riƙe kyamara a 1/30 ko babu na'urar, da ita kuma ka sauka ƙasa da haka sosai, gini da tebur su fito garau. Yaron da ke gudu a gaban ginin fa? Sai dai ka ga inuwarsa. Mai tafiya yana son wajen 1/250. Don haka in akwai mai motsi, ɗaga ISO ka bar saurin ƙiftawa a sama. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki ana gyara shi a kwamfuta, wanda motsi ya shafe kuwa ya tafi ke nan.

28 ɗin da ba 28 ba

Wannan kuskuren a wurin saye ake yin sa. Lambar da ke jikin gilashi tana ba da faɗin da aka sani ne kawai a kan cikakkiyar sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, mai milimita 36 da 24. A can 28mm yana ganin kusurwar digiri 75, 21mm kuma kusan digiri 92. Ɗora 28mm ɗin a kyamara mai ƙaramar sensa, irin APS-C ta Nikon, Sony ko Fujifilm, sai ya koma kamar 42mm. A ta Canon ya kusa 45mm, a Micro Four Thirds kuma, mai sensar da ta fi wannan ƙanƙanta, 56mm. Faɗin da ka biya wa kuɗi ya gudu. Mai APS-C da ke son ganin 28mm, 18mm zai nema. Mai Micro Four Thirds kuma 14mm. Ka kuma kula, siranta ba ta nufin faɗin gani: 27mm f/2.8 na Fujifilm siriri ne ƙwarai, amma ganinsa na wajen 41mm ne.

Neman abin da ba ya bayarwa

Sai masu son bayan mutum ya narke ya zama hazo. Wannan aikin dogon gilashi ne mai babbar ƙofa, irin 85mm f/1.8. Ƙofar 28mm a f/2.8 faɗinta milimita 10 ne kacal, a f/5.6 kuma 5. Sai ka matso dab da abu kafin bayansa ya ɗan yi laushi.

Abin da suke gani aibi kuwa shi ne ƙarfin gilashin, in an san yadda ake cin moriyarsa. Sa 28mm a f/8 kan cikakkiyar sensa, ka kafa fokas, wato nisan da hoto ya fi fitowa a sarari, a wajen mita 3.3, to daga kusan mita 1.6 har iyakar ganin ido komai zai fito a sarari. Da 21mm a f/8, fokas a ƙasa kaɗan da mita 2 ya isa, daga wajen mita ɗaya zuwa can. Ba jiran kyamara ta nemo fokas, ɗagawa kawai da dannawa. Masu ɗaukar hoton titi sun daɗe suna aiki da wannan dabara, kuma mai yin haka ko an ba shi f/1.4 ba zai taɓa ta ba. Sai dai tun da bayan hoton zai fito ƙarara, dole ka dube shi kafin ka danna. Turken lantarkin da ya tsiro a kan mutum ba zai ɓoye kansa ba. Matsa gefe taki ɗaya.

Kada kuma a zarce. Wasu sukan ji an ce rufe ƙofa na ƙara kaifi, sai su danne ta har f/22. Daga wajen f/16 haske yakan fara bazuwa a ɗan ramin, hoton gaba ɗaya ya yi laushi. Tsakanin f/5.6 da f/11 ne gidan irin wannan gilashi.

Inda kake tsaye

Hoton da aka fi samu daga sabon mai 28mm shi ne fili fetal, sama rabi ƙasa rabi, ga wani ɗan mutum can tsakiya da sai an nuna maka shi. Gilashi mai faɗi yana nesanta abubuwa a ido. Matso, ka ƙara matsowa, ka sa wani abu a gaba wanda ido zai fara sauka a kansa.

Matsowar ma tana da iyaka. Fuska a rabin mita, hanci zai yi girma kunnuwa su ja baya, kuma kusancin ne ya jawo hakan, ba wani lahani a gilashin ba. Wanda ya faɗa gefen hoto kuma kansa yakan miƙe ya yi faɗi, abin da ke ɓata hoton jama'a in an jera su har bakin firam. Ja baya kaɗan, ka bar sarari a gefe biyu, ka yanke daga baya. Gini kuwa, da zarar ka ɗaga bakin kyamara sama, bangayen za su karkata kamar zai faɗi ta baya. Riƙe ta daidai, ko ka hau wuri mai tudu.

Kusurwoyi, adafta da tarkace

Ƙananta gilashi yana da farashinsa: kusurwoyin hoto sukan yi duhu a buɗaɗɗiyar ƙofa, layuka kuma su ɗan lanƙwashe. Da yawa daga cikin na zamani, irin Canon RF 16mm f/2.8, an ƙera su ne da nufin manhaja ta ƙarasa gyaran. Wanda ya buɗe ɗanyen fayil, wato hoton da kyamara ba ta gyara ba, a manhajar da ba ta san gilashin ba, sai ya zaci lalatacce aka sayar masa. Kunna gyaran gilashi a kyamara ko a manhaja, ka rufe ƙofa taki ɗaya, yawanci shi ke nan.

Wanda ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne tsohon gilashin zamanin fim da aka ɗora wa kyamarar dijital da adafta, wato zoben da ke haɗa gilashi da kyamarar da ba tasa ba. Wasu masu faɗi da aka yi wa kyamarori irin na Leica M, kamar Voigtländer 21mm f/4, bayansu yana zama kusa da sensa sosai, haske ya riƙa faɗa wa gefenta a karkace. Sakamakon shi ne launin shunayya a gefe da kusurwoyi masu dishi-dishi, kuma abin ya danganta da kyamarar. Kafin ka biya, nemi hotunan da aka ɗauka da wannan gilashin a kan irin kyamararka, ba wata ba.

Filta, wato ɗan gilashin da ake ɗaurawa a gaba, in mai kaurin baki ce ita ma takan leƙo cikin kusurwoyi, a sa siririya. Filtar kashe ƙyalli kuma takan bar wani sashen sama ya fi wani duhu, saboda faɗin da gilashin ke kwasowa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mai sayen gilashin giram 120, kamar Canon RF 28mm f/2.8, ko na Nikon Z mai wajen giram 155, sannan ya ɗaura masa ƙatuwar hular tare rana, ya kuma cusa shi a jakar da ke ɗauke da wasu gilasai uku. Ƙanƙantar ce hajar da ya saya. Sigma 28mm f/1.4 Art ya haura giram 800, kuma wanda zai ɗauki jaka ko ta yaya, gara ya ɗauki wannan ya more hasken.

Haka nan mai gilashin zuƙowa da ya zo da kyamara, irin 18-55mm f/3.5-5.6, ya sani cewa a 18mm yana da f/3.5, tazararsa da f/2.8 ba ta kai taki ɗaya ba. Wayar da ke aljihunsa ma babbar kyamararta wajen wannan faɗin take gani. In kana shakka, kafa gilashin zuƙowarka a faɗin da kake son saya, ka manna masa salatif kada ya juya, ka yi mako guda da shi haka. In hannunka ya dinga kai wa salatif ɗin, ajiye kuɗinka. In kuwa faɗin ya zauna maka, nauyin ne kawai ke sa ka bar kyamarar a gida, to sayi ƙaramin.