Darasi na 9: Takardun likita na mai neman bizar aiki a waje

Wani magini daga unguwar Birni ta Damagaram ya samu aiki a Saudiyya. Don zumuɗi, tun kafin a ce masa komai ya je asibiti aka ɗebi jininsa, aka yi masa hoton ƙirji, likita ya rubuta cewa lafiyarsa lau. Ya hau mota har Yamai, tafiyar kilomita wajen 900. Da ya miƙa takardun aka dawo masa da su. Ya koma wurin kawunsa yana cewa: "Kawu, ai ba ni da ciwon komai." Kawun ya ce: "Yaro, ba jikinka suka ƙi ba, takardarka suka ƙi. Wa ya ce ka je can?"

Tambayar kawun ita ce darasinmu na yau. Babban asibitin Damagaram yana da ƙwararrun likitoci, amma kowace ƙasa ita ke zaɓen wuraren da ta yarda a yi wa ma'aikatanta awo. Saudiyya, Kuwait, Katar da maƙwabtansu suna da tsari ɗaya da ake kira Wafid, wanda a da aka sani da GAMCA. Ana yin rajista ta intanet da lambar fasfo, tsarin ne ke nuna maka asibitin da za ka je, kuma asibitin ne ke shigar da sakamako cikin kwamfuta, inda ofishin jakadanci zai gani. Saboda haka kada ka kashe ko dala ɗaya a kan awo sai wanda ya ɗauke ka aiki ko ofishin jakadanci ya faɗa maka wurin.

Abin da aka fi dubawa shi ne tarin fuka, ciwon hanta iri B da C, sida da tunjere. Mata ana yi musu awon ciki. Ƴar'uwa, in kina zaton kina da juna biyu, ki faɗa kafin a kai ki ɗakin hoton ƙirji.

Yanzu mu tsaya a kan suna, domin nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa, kuma abin yana yi mini ciwo. A gida ana kiranka Mamman, a takardar haihuwa an rubuta Mahamadou, ma'aikacin asibiti ya ji da kunne ya rubuta Mohamed. A wurinmu duk mutum ɗaya ne. A wurin kwamfuta mutum uku ne. Haka ranar haihuwa: da yawa cikinmu takardarmu ta alƙali ce, mai cewa "né vers", wato an haife shi wajen shekara kaza, sai fasfo ya sa 1 ga Janairu. To, abin da ke cikin fasfo shi za a rubuta, ko da tsohuwarka ta tabbatar maka da damina aka haife ka. Kafin ka bar gaban tebur, ka ɗora takardar kusa da fasfo, ka bi da yatsa harafi bayan harafi, lamba bayan lamba. Ka ga hotonka, sa hannun likita, hatimi da kwanan wata. Ba rashin kunya ba ne ka ce: "Malam, don Allah a gyara mini wannan harafin."

Katin rawaya na allurar ciwon shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka a yi ta da wuri. Tun daga 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Sakamakon awo kuwa yana da wa'adi, ka tambayi ranar da zai ƙare ka rubuta ta. In an nemi fassarar takardar Faransanci zuwa Larabci ko Turanci, mai fassara da hukuma ta rantsar za ka nema.

Akwai dillalan da ke cewa ka kawo jaka kaza su kawo maka takarda ba tare da allura ta taɓa ka ba. A Saudiyya ana sake awo kafin a ba ka katin zama, wato iƙama. In aka ga ciwon can, gida za a maido ka, ga bashin kuɗin jirgi a wuyanka. In kuwa awon gaskiya ya nuna tarin fuka, ka fara magani nan take. Wata 6 ake sha, kuma kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati.

Aikin gida: ka ɗauko fasfonka ko katin ɗan ƙasa, ka kwafe sunanka da ranar haihuwarka sau uku cikin littafinka da manyan baƙaƙe. Gobe kowa zai ba na kusa da shi ya duba masa.