Yadda Ake Gasa Burodi Mai Yawa Don Walima

Kafin ki sayi fulawa, uwargida, fara duba obin ɗinki, don shi zai tsara miki aikin. Obin ɗin gida yakan ɗauki tire biyu, kowanne da ƙananan burodi kamar 15, wato 30 a zubi ɗaya. Idan mutum 100 za a ciyar, kowa biyu, burodi 200 ke nan, zubi bakwai. Kowane zubi, haɗe da jiran obin ya sake ɗaukar zafi, zai ci minti 25. Kin ga kusan awa uku ana gashi. Kwaɓin da aka haɗa lokaci guda ba zai jira awa uku ba. Na farko zai fito daidai, na ƙarshe kuwa ya wuce tashi, ya yi tsami, ya lotsa a cikin obin. Yawancin burodin taro a nan yake lalacewa.

Sai awo. Ajiye kofi da cokali, ki nemo sikeli, saboda ɗan kuskuren kofi ɗaya idan aka maimaita shi sau da yawa sai ya zama babba. Ga fulawa kilo 10 ana bukatar ruwa lita 6, sukari giram 600, mai giram 500, gishiri giram 200, da busasshen yis giram 100. Wannan zai ba ki kwaɓi sama da kilo 17. Idan aka yanka shi giram 80-80, za a samu 200 ɗin har da ragi na masu taya aiki.

Raba komai gida huɗu tun da daddare. Kowane kaso fulawa kilo 2 da rabi, ruwa lita 1 da rabi, sukari giram 150, mai 125, gishiri 50, yis 25. Washegari ki riƙa kwaɓa kaso ɗaya, ki bar tazarar minti 45 zuwa 50 kafin na gaba, ta yadda wani yana fita daga obin wani yana shirin shiga.

Wajen kwaɓin, haɗa fulawa da ruwa kaɗai, ki juya har busasshen gari ya ɓace, ki rufe na minti 20. Fulawar za ta sha ruwa ta saki jiki, murzar ta zo da sauƙi, kuma wanda zai murza kaso huɗu da hannu ya san darajar wannan hutun. Bayan nan ki zuba yis da sukari, sai gishiri, mai ya zo a ƙarshe. Murza kamar minti 10. Gutsuri kaɗan ki ja shi a hankali da yatsu. Idan ya miƙe ya yi siriri har haske yana ratsa shi bai yage ba, ya murzu.

Kada ki yi amfani da ruwan ɗumi idan ana zafi. Kwaɓi mai yawa yana riƙe ɗumi a cikinsa, yana tashi da sauri fiye da ɗan kaɗan. An fi son ɗuminsa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin salshiyos. Shafa mai a roba mai faɗi, ki rufe, ki bari ya ninka girmansa. Yakan ɗauki awa ɗaya, amma idonki ya fi agogo. Idan kika ga wani kaso ya yi gaba alhali obin a cike yake, tura shi firij, sanyi zai rage masa gudu.

Da ya tashi, danne iskar, ki yanka kina aunawa. Nauyin ya zama ɗaya, in ba haka ba ƙanana su ƙone manya ba su nuna ba. Mulmula, jera a tire da tazarar yatsu biyu, ki rufe da tsumma mai ɗan danshi na minti 30 zuwa 45. Danna gefen ɗaya da yatsa: idan gurbin ya dawo a hankali bai cike duka ba, lokacin gashi ya yi. Idan ya dawo nan take, da saura.

Ki tabbatar obin ya riga ya yi zafin digiri 190. Minti 15 zuwa 18 sun isa, amma a tsakiyar gashin ki sauya tiren, na sama ya koma ƙasa, don obin ba ya raba wuta daidai. Juya ɗaya ki ƙwanƙwasa ƙasansa, in ya yi amo kamar ba komai a ciki, ya gasu.

Baza su a kan raga su huce, aƙalla awa ɗaya. Burodi mai zafi a cikin leda gumi yake yi, ya jiƙe, ya dameje. Kuma kada ki adana gasasshen burodi a firij, yana sa shi saurin tauri. Idan kwana ɗaya ne ya rage a yi walimar, leda a ɗaure ta wadatar. Idan kwanaki ne, sai firiza, a fito da shi da sassafe ya saki, a ɗumama shi minti biyar kafin a kai wa baƙi.