Kafin ki ɗauki lauya a Damagaram

Ƴar'uwa, fara da tambayar kanki: maganar nan ta gagari sulhu? Saki, rikon yara da gado, da yawansu a gaban mai unguwa ko fadar Sarkin Damagaram ake kashe su. In sulhu ya ƙi, to sai gidan shari'a.

A Nijar, shari'ar iyali bisa al'ada ake yanke ta, alƙali na zaune da masanan al'ada. Shi ya sa nake nanatawa: nemi lauyan da ya san al'adarmu da hukuncin Musulunci, ba dokar Faransanci kaɗai ba. Tambaye shi kai tsaye, shari'ar gado nawa ya taɓa riƙewa? Yana jin Hausa? Ki tabbatar sunansa na cikin rajistar ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa.

Yawancin lauyoyi a Yamai suke, saboda haka ku daidaita kuɗin aiki da na mota tun farko, a rubuce, ki karɓi rasit. Wanda ya yi miki alkawarin nasara, ni dai ban yarda da shi ba.

In babu hali, je ofishin hukumar ƙasa mai ba da taimakon shari'a (ANAJJ) da ke babbar kotun Zinder (Damagaram), suna taimakon marasa ƙarfi. Tafi da takardar aure da takardun haihuwar yara.